Hanyar da Onerva Ke Sharewa

Gida biyar ne a kan hanyarmu lokacin da Onerva Moilanen ta dawo daga birnin Oulu. Daga bakin kwalta zuwa gidanmu, wanda shi ne na ƙarshe, kilomita huɗu ne da ɗoriya. Hanyar tamu ce, ba ta hukuma ba, don haka babbar motar da ke share dusar ƙanƙara a kan kwalta ba ta taɓa karkatowa wajenmu ba. Mahaifin Onerva, Tauno, shi yake share mana tun ina amarya. Yana da tsohuwar jar tarakta da wani inji da ake ɗaura mata a baya, mai haɗiyar ƙanƙarar ya watsa ta can cikin itatuwa. A watan Janairu shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. A gareji aka tarar da shi kwance, da sufana a hannu.

Shekarar Onerva talatin da huɗu a lokacin. Tana aiki a wata masana'antar ɗinkin kayan ma'aikata, tana da ɗakinta a hawa na uku, kuma duk Laraba tana zuwa rera waƙa da wata ƙungiyar mata. Mahaifiyarta ta riga ta rasu, yayanta Jorma kuwa yana Suwidin, sai Kirsimeti ake jin muryarsa a waya. Hutun mako uku ta ɗauka ta zo.

Kwana huɗu da zuwanta aka wayi gari ƙanƙara ta kai gwiwa. Mazan hanyar suka taru a ƙofar garejin Tauno suna kallon taraktar. Mijina Pentti akawu ne a injin tsaga katako, bai taɓa buɗe bonet da niyya ba. Urpo, mai gida na uku, ya hau ya yi ta murɗa makulli har batir ya kusa mutuwa, sannan ya sauko ya ce ai dama taraktar ba ta jin maganar kowa sai mai ita. Onerva ta fito da kofi, ta tsaya tana karanta bangon garejin, domin Tauno da fensir yake rubuta komai a jikin katakon: ranar da ya juye baƙin mai, lambar kowane bel, da wani layi da ya ja wa ƙasa sau biyu, cewa a jona ta da wuta awa biyu, injin ya ɗumama, kafin a tayar. Ta jona wayar, ta ce kowa ya koma gida ya ɗumama ƙafa. Bayan awa biyu muka ji ƙarar injin. Rabonta da hawa taraktar tun tana yarinya, lokacin yankan ciyawa. Ranar sau biyu ta faɗa kwata, amma kafin duhu ya rufe ta iso har ƙofarmu.

Mun tafa mata. Na daɗe ina tuna wannan tafin.

A watan Maris aka sallamo Tauno daga asibiti, ɓarin damansa ya mutu, maganarsa ta koma kalmomi kaɗan. Ba ya zama a cikin gida. Sai ta tura shi a keke zuwa ƙofar gareji, ta lulluɓe shi da bargo biyu, ta ba shi sandarsa a hannun hagu. In ta ɗauko sufanar da ba ita ba, ya buga sandar a ƙasa sau ɗaya. In ta yi daidai, ya yi shiru. Abu ɗaya ne yake fita tar daga bakinsa, shi ne "ba haka ba".

"To yaya ne, Baba?" ta kan ce daga ƙarƙashin taraktar. "Shekara arba'in kana ɓoye mana, yau ga ranar faɗa."

Sai ya buga sandar, wani lokaci kuma kafaɗarsa mai rai ta yi rawa, ka san dariya yake yi.

Haka ta koyi kanikanci, shekara shida. Hutun mako uku ya zama na wata shida, daga nan masana'antar ta aiko da takardar barin aiki, ta sa hannu, aka ba wata ɗakinta. Ta iya sauya kuloci, ta iya walda, ta san ƙarar boris da ke shirin mutuwa tun kwana goma kafin ya mutu. Mu kuma muka gano hanyar garejin. Yau birkin motarmu, gobe zarton inji na Urpo, jibi salansar motar Lempi, gwauruwar gida na biyu. Duk kaka da duk lokacin narkewar ƙanƙara motocin hanyar su jeru a ƙofarta don sauya tayoyi, na hunturu da na bazara. Babu wanda ya zauna ya ce mata daga yau wannan aikinki ne. Ta iya, mu ba mu iya ba, shi ke nan.

Shekararta kuwa tsarinta ɗaya ne. A Satumba ta bi hanyar tana kafa sanduna masu ruwan lemo a gefe da gefe, don in ƙanƙara ta rufe ta san inda kwata take. A Oktoba ta kwance injin kwasar ƙanƙarar, ta cika shi da giris, ta ɗaura wa tayoyin taraktar sarƙa, ta zuba man sanyi. Daga Nuwamba har Afrilu ba ta iya kwana ko ɗaya a wani wuri. Shekarar da ƙungiyar waƙarsu ta yi babban taro, ta sayi riga mai ruwan bula, ta goge, ta rataye a bayan ƙofa. Ana gobe tafiya rediyo ya ce za a zuba ƙanƙara kwana biyu. Ni na ga rigar a wurin har bikin Ista.

Da Tauno ya rasu, bayan an dawo daga coci an sha miyar kifi, ta gaya mana cewa za ta koma Oulu kafin kaka. Muka ce gaskiyarta ce, ta yi abin da ba kowace 'ya za ta yi ba. Sannan Urpo ya yi gyaran murya ya ce ko za ta ƙara mana hunturu ɗaya tak, kafin mu sami wanda zai karɓa. Mun nema, ba zan ce ba mu nema ba. Akwai wani mai babbar tarakta a cikin ƙauye, ya zo ya duba gadar katakon da ke kan rafi ya ce ba za ta ɗauki nauyin tasa ba, kuma ko da za ta ɗauka sai ya gama hanyoyi tara kafin ya zo gare mu, wajen azahar ke nan. Daga nan muka daina nema, ita ma ta daina tambaya. Hunturu ɗaya ya zama goma sha ɗaya.

A cikin waɗannan shekarun Lempi ta koma gidan kula da tsofaffi, aka rufe tagoginta da katako. Ƙodar Pentti kuma ta gaza. Litinin, Laraba da Juma'a tasi na zuwa ƙarfe bakwai na safe ya kai shi asibitin birni wankin ƙoda, kuma likita ya gaya mana ƙarara cewa ba ranar da ake tsallakewa. Ban taɓa roƙon Onerva ba. Ita da kanta ta mayar da tashinta ƙarfe huɗu a waɗannan ranakun. Ta kan iso ƙofarmu wajen shida da kwata, ta zagaye tsakar gida don tasi ya sami wurin juyawa, ni kuma in fito mata da kofi da burodi mai zaƙi. A kan taraktar take sha, injin na ruri.

A nan na fara ganin hannunta. Yatsunta uku na dama sukan yi fari fat kamar kitse, sai ta rungume kofin da tafin hannu biyu. Ta ce likita ya ce sanyi ne da girgizar sitiyari, kuma maganinsa ta bar su duka biyun. Ta yi dariya da ta faɗa. Kafaɗarta ma ba ta ɗaguwa sama da kunne.

Wata rana a watan Yuni na kai mata motarmu, tana yoyon mai. Tana kwance a ƙarƙashi, ƙafafunta kawai nake gani.

"Aila, miƙo mini goma sha uku," ta ce. Na miƙa mata sufanar. "Na sa gidan nan a kasuwa."

Ta ci gaba da magana daga can ƙasa. Wata ƙawarta ta ƙungiyar waƙa, Marjut, tana da shagon gyaran kekunan ɗinki da kekunan hawa a Oulu, idonta ya fara rauni, tana neman mai hannu. Shago ne mai ɗumi, a zaune ake aiki, ana rufewa ƙarfe biyar. Ta ce shekararta hamsin da ɗaya, in ba ta tafi bana ba ta san ba za ta tafi ba. Ta ce ba za ta sayar wa kowa ba sai wanda ya yarda zai riƙe hanyar, taraktar da komai na garejin a cikin cinikin suke.

Na ce mata na yi mata murna. Ta turo kanta waje, ta dube ni daga ƙasa, da baƙin mai a kumatu.

"Ji fuska kamar an ce an soke Kirsimeti," ta ce. "Ba mutuwa zan yi ba, maƙwabciya."

Har bazara ta wuce ba wanda ya zo ko kallo. Na fara kwantar da hankalina, ina jin kunyar hakan. Sai a Satumba, da ganyaye suka yi rawaya, dillali ya kawo wasu mata da miji daga kudu. Mijin a kwamfuta yake aiki, ya ce daga ko'ina zai iya yi. Ya shiga garejin ya ƙi fitowa, yana shafa kayan aikin, yana ɗaukar hoton rubutun da ke bango. Bai taɓa hawa tarakta ba, amma Onerva ta ce za ta zauna da su har ƙarshen Nuwamba ta koya masa. Urpo ya gaisa da shi, daga baya ya ce mini tafin hannun mutumin kamar na jariri.

Sun dawo karo na biyu. A wannan ranar, matar, Sanni, ta bar su a gareji ta biyo hanya tana tsintar jajayen 'ya'yan daji a cikin hularta, har ta iso gidanmu. Na ganta ta taga, na fita na ce ta shigo ta sha kofi. Yarinya ce mai fara'a, ta yabi labulena, ta gaida Pentti da ke kwance a doguwar kujera bayan ya dawo daga asibiti. Sannan ta tambaye ni yaya hunturu yake a nan, tsakani da Allah.

Ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Na gaya mata shekarar da sanyi ya kai digiri talatin da takwas ƙasa da sifiri, man tarakta ya daskare. Na gaya mata ranar da motar asibiti ta maƙale a gada, mijin Lempi na jiranta, kafin a ciro ta ya cika. Na ce mata duk wanda ke zaune a gidan Moilanen shi ke riƙe da rayukan mutanen hanyar nan, wayarsa ce ke ƙara da asuba, kuma wata shida ba ya zuwa ko'ina. Na nuna mata Pentti da ido na ce Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe bakwai. Akwai wasu abubuwan da su ma gaskiya ne, irin hasken watan Maris a kan tafki da shirun da ba a samu a birni, amma ban kawo su ba. Ta bar rabin kofinta. Da ta tafi, Pentti ya buɗe ido ya dube ni, sannan ya juya fuskarsa bango.

Bayan kwana biyar dillali ya kira Onerva ya ce sun fasa. Ta tambayi dalili, ya ce uwargidan ce ta yi hira da wata maƙwabciya a ƙarshen hanya. Urpo ne ya kawo mini labarin, yana ta juya hularsa a hannu. Bai zarge ni ba. Ya ce dama mutumin ba zai kai Janairu ba.

Onerva ba ta zo ba, ba ta kira ba. A Oktoba na hango ta daga nesa tana kafa sanduna, a makare, ƙasa ta riga ta fara tauri tana dukansu da guduma. Lokacin sauya tayoyi ya yi, na kasa kai mata motarmu, na kai cikin ƙauye. Ƙanƙarar farko ta sauka ranar wata Lahadi a Nuwamba, ta kwana tana zuba. Litinin tun ƙarfe biyar da rabi ina tsaye a taga, Pentti na zaune da jakarsa a cinya. Shida da kwata fitilar taraktar ta ɓullo ta tsakanin itatuwa. Ta zagaye tsakar gida kamar kullum, har ta share gaban rumbun itacen wuta. Na fito da kofi. Ta juya taraktar ta wuce, ba ta dubi inda nake ba.

Haka muka yi wata uku. Ba ta makara ko sau ɗaya ba. Na taɓa ajiye mata burodi a leda a kan gungumen ƙofa, ya kwana uku a wurin har tsuntsaye suka yaga ledar.

A Fabrairu aka yi zubar da ta fi kowace a shekarar, kwana uku da iska. Ranar Juma'a da safe na ji taraktar ta taho har ta kusa, sai wata ƙara kamar an buga ƙarfe a kan ƙarfe, sannan shiru. Bayan ɗan lokaci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Onerva ce, girarta duk ƙanƙara, hannunta na dama cikin hammata.

"Sa riga mai kauri ki zo," ta ce. "Yatsuna ba sa riƙe noti."

Injin kwasar ne ya haɗiyi wani reshe da iska ta karyo. Akwai wata ƙusa mai noti a jikinsa, kaurin ɗan yatsa, wadda aka yi ta don ta karye in hakan ta faru, kada giyar ta lalace. Ta karye kuwa. Onerva na da sababbi a aljihu, amma sau biyu notin na suɓuce mata yana ɓacewa cikin ƙanƙara, saura ɗaya. Ta kashe injin, ta nuna mini makullin a tafin hannunta don in yarda in sa hannu. Na durƙusa, ina da shekara sittin da uku, ita tana riƙe da tocila da haƙori tana cirewa in za ta yi magana. Ta sa na fizgo reshen, na buge guntun tsohuwar ƙusar da guduma, na juya ƙarfen a hankali har ramukan biyu suka haɗu. Sai da na cire safar hannu kafin na iya ɗaura notin. Ƙarfen ya kama fatar yatsana.

Ina durƙushe, ba na kallonta, na ce mata ni ce na yi magana da yarinyar nan.

"Na sani. Matse shi. Ba sosai ba, ya isa."

Na ce ina ta neman yadda zan ba ta haƙuri.

"Abin da ya fi ci mini rai," ta ce, "ba ki yi mata ƙarya ba. Na yi ta neman ƙaryar a ciki, babu." Ta karɓi sufanar da hannun hagu. "Da kin zo kin ce, Onerva, zauna saboda Pentti, da na ce miki a'a, da na tafi abina. Kin san haka. Shi ya sa ba ki zo ba."

Na ce haka ne.

"To tashi, gwiwarki za ta daskare, in sami mara lafiya biyu a gida ɗaya."

Tasi ya iso bakwai da minti goma. Bayan ya tafi da Pentti ta shigo kicin, karon farko tun Satumba, ta sa hannunta a kwanon ruwan ɗumi. Da jini ya fara komawa yatsun, zafin ya sa ta kifa kai a kan tebur. Na tsaya a bayanta ban taɓa ta ba. Daga ranar ta koma karɓar kofi, amma ba ta ƙara kirana maƙwabciya ba, sai Aila.

Allon dillali ya ƙara shekara biyu a bakin kwalta har rana ta cinye rubutun. Mutum ɗaya ne ya sake zuwa, shi kuma dajin da ke bayan gidan yake so, ba gidan ba. Marjut ta jira har ƙarshen wannan hunturun, sannan ta ɗauki wani. Mutanen gida na huɗu suka koma kusa da jikokinsu.

Pentti ya rasu a watan Yuni, kusan shekara biyu da rabi bayan wannan safiyar. 'Yarmu ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai a ƙarshen hanya ba, ta samo mini ɗaki a garin Kajaani, a wani bene da ake share gabansa tun ban farka ba. Na yi mako guda ina juya yadda zan gaya wa Onerva. Da na faɗa, ta ce kilomita ɗaya da rabi ya ragu ke nan, man ma zai huta. Ita ta ɗaura tirela ta kwashe kayana zuwa bakin kwalta inda babbar mota ke jira, don direban ya ƙi hawa gadar. Ta ɗaure kujeruna da igiya, ta duba kullin sau biyu.

A Oktoban bara na je ganinta. Na tarar ta baje giyar injin kwasar a kan tsofaffin jaridu a tsakiyar gareji. Haƙori biyu sun gutsure a jikin wani ƙarfe, kuma an daina ƙera irinsa tun da daɗewa. Ta samo ɗaya a wajen wani mai tsofaffin injuna a Suwidin, ya ce ya sa a wasiƙa, kwana tara ke nan bai iso ba, ga shi rediyo na cewa za a fara zuba ranar Alhamis. Shekararta hamsin da shida. Da hannun hagu take yawancin aikin yanzu, ta ɗaura wa sufanonin bututu don su yi tsawo.

Na tambaye ta ko Jorma ya kira. Ta ce ai Kirsimeti bai yi ba. Na tambayi Urpo, wanda yanzu shi kaɗai ya rage a hanyar bayan ita. Ta ce ta yi masa maganar gidan tsofaffi, inda Lempi take, har ta kai shi ya gani. Ya ci abincinsu ya ce dankalin bai dahu ba, kuma a gidan ubansa za a ɗauki gawarsa.

"Makon jiya na kai shi asibiti aka duba shi," ta ce tana goge hannu da tsumma. "Tamanin da ɗaya. Likita ya ce zuciyarsa kamar ta saurayi, zai iya kai ɗari."

Ta yi dariya, ni ma na yi, sannan ta ce in matso da fitilar kusa, tana son ta sake ƙirga haƙoran tsohon ƙarfen, don ta gane in mutumin ya aiko da wanda ba shi ba.